Mode Tela da Ƙullin Zare

Duk wanda ya san kasuwar Bodinga a zamanin mulkin farar hula na biyu ya san rumfar Mode Tela, ta uku daga gindin dogonyaro in aka shigo ta wajen masu albasa. Siririn mutum ne mai dogayen yatsu, ba ya ɗaga murya ko da ciniki ya ɓaci. Mahaifinsa ɗinkin hannu ya yi har ya koma ga Allah, Mode ne ya fara taka keke a gidansu. Yana da wata baiwa da mutane ke labari: ba ya auna mutum sau biyu. In ya ɗora maka igiyar awo yau, ko bayan shekara biyar ka aiko da yadi, rigar za ta zauna maka kamar da ita aka haife ka.

Ɗinki ne sana'arsa, amma ba shi ya fitar da sunansa har garin Shagari ba. Karta ce.

Wasan ya shigo ne tare da direbobin manyan motoci masu kai albasa kudu. Mutanen wurin ba su wahalar da kansu da sunansa na asali ba, suka sa masa "rufe". A raba wa kowa karta biyar a kife. Ka leƙa naka, in ka ga da ƙarfi ka ɗora, in ka ga babu ka ajiye. Mai ƙarfin hannu shi ke kwashewa, amma mai ƙarfin hali ma yakan kwashe da hannun banza, in ya iya tsorata sauran har su ajiye. Ranar kasuwar Shagari, tsakanin azahar da la'asar, akan shimfiɗa tabarma a bayan tasha, kuma da wuya a rasa Mode a kanta.

Shekarar farko an ci shi cin wulaƙanci. Matarsa Hasiya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kawo masa maganar malamai a kan caca, duk ya saurara kansa a sunkuye. Wani da ya sha irin wannan kashi sai ya bari, ko ya nemi laya. Mode bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna ya yi wa wasan irin kallon da yake yi wa rigar da wani tela ya ɓata, a warware ta a ga inda aka kauce. Ya gane cewa yawancin abin da ake raba maka na ajiyewa ne, kuma ajiyewa ba abin kunya ba ce. Ya gane cewa wanda ke magana a ƙarshe ya fi kowa gani, don haka yakan zo da wuri ya zaɓi wurin zama. Waɗannan ya gaya wa duk wanda ya tambaya. Akwai abu guda da bai taɓa gaya wa kowa ba.

Kusan duk mai zama a tabarmar nan, rigar da ke jikinsa Mode ne ya ɗinka ta. Ya san yadda wuyan kowace ke kwanciya, ya san inda aljihun ƙirji ke tsayawa in mai shi yana cikin natsuwa. 'Yan wasa sun koyi ɗaure fuska, wasu har da baƙin tabarau, amma babu wanda ya tuna ya koya wa ƙirjinsa ƙarya. Akwai wani mahauci da kafaɗarsa ta hagu ke ɗagawa in ya samu manyan karta. Akwai direban da wuyan rigarsa ke jiƙewa tun kafin goshinsa. Sai kuma Arzika.

Arzika ɗan kasuwar albasa ne daga Dingyadi, ƙato, mai dariya kamar ana gangara ganga. Ba wanda ya kai shi son tsorata mutane da hannun banza, kuma yakan yi nasara a kan kowa, ban da Mode. Dalili kuwa, duk lokacin da Arzika ke cika baki alhali ba shi da komai, sai ya riƙe numfashi bai sani ba. Aljihun rigarsa ya tsaya cak, kamar an rataye ta a ƙusa. Shekara huɗu Mode na cinsa da wannan, kuma shekara huɗu suna cin tuwo a akushi ɗaya bayan an tashi.

"Kai ɗan allura," in ji Arzika wata rana, ya watsar da kartarsa, "wallahi da aljani kaka aiki."

"Ba ni da aljani, Sarkin Albasa. Ido gare ni."

"To mi kaka gani? Hwaɗa mini, in aiko ma Hasiya buhu guda, ja, irin na Alhazai."

"Riƙe albasarka, ta ishe mu wari nan ma."

"Don Allah, Mode. Hanci ne? Kunne na ne ka motsi?"

Mode ya yi murmushi yana tattara kartar. "Ranar da na ɗunka maka rigar da ba ta da aljihu, ran nan ni ka hwaɗa maka."

Kowa ya san rigar da ba ta da aljihu, likkafani ke nan. Wasu suka ce subhanallahi, amma Arzika ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Na riƙe ka! Jama'a ku shaida. Kuma ba mai ɗunka mini ita sai kai." Ya miƙo hannu, suka tafa.

Daga nan zamani ya juya. Aka shiga tsuke bakin aljihu, kayan waje suka ɗauke. Zare ya yi wuya, allurar keke sai an je Sakkwato an yi roƙo. Keken Mode, wanda ya saya na hannu tun kafin ya yi aure, ya fara wata cuta: ya ɗinka shida, ya tsallake na bakwai, ya ɗinka shida, ya tsallake. Mai gyara ya buɗe cikinsa ya ce wani ƙarfe ne ya cinye, kuma ko a Kano babu irinsa yanzu. Masu kawo ɗinki suka fara duba bakin riga a gabansa, suna jan tsaki a hankali, sannan suka fara wucewa ta gaban rumfar suna kallon wani gefe. Mode ya san in keken nan ya tsaya, sana'arsa ta tsaya.

Cikin bazarar shekarar zaɓe, wani ɗan kwangila mai neman kujera, Alhaji Tukur, ya sa aka yi shela cewa zai haɗa gasar rufe ranar kasuwar Shagari. Ba za a sa kuɗi ba, tsinken ashana za a raba wa kowa daidai wa daida, wanda nasa ya ƙare ya fita. Ya kira abin wasan sada zumunci don kada malamai su yi magana, suka kuwa yi. Wanda ya rage shi kaɗai a ƙarshe zai tafi da sabon keken ɗinki, dal a kwalinsa.

Mako biyu Mode na shiri. Ya ce wa Hasiya gasa daban take da wasan ranar kasuwa. A can in rana ta ɓaci sai ka kaɗe riga ka tashi, mako mai zuwa ka dawo. A nan in ka faɗi ka faɗi ke nan. Da farko sai haƙuri, a bar masu zafin kai su cinye junansu. In an ragu, kowa ya fara tsoron fita, a nan ne ake matsa wa mutane.

"Ni dai ban ga alheri ga keken da anka samu bisa tabarma ba," in ji Hasiya.

"Wagga ɗai. In na samo shi, na bari."

"Haka kac ce bara."

Ranar gasa, da hantsi, Mode na rufe rumfa sai ga Malami a kan tsohon kekensa na hawa, da ƙunshin alawayyo ɗaure a baya. Malami dattijo ne, shi ke wa mamata wanka a Dingyadi. Ganinsa da farin yadi ba ya bukatar tambaya, sai dai a ce wa.

"Arzika ya riga mu gidan gaskiya," ya ce. "Sanƙarau. Kwana biyu ɗai ya yi. Iyalinai sun ce ya sha hwaɗin kai za ka ɗunka mai sutura."

Mode ya zauna a kan benci bai san ya zauna ba.

A wannan yanki ɗinkin likkafani yana da ƙa'idarsa, kuma Mode ya gaje ta tun daga mahaifinsa. Ba a karɓar lada. Ba a yanka yadi sai an kawo karan awo, wato karan dawa da aka gwada tsawon mamaci da shi, wanda masu haƙan kabari ma da shi suke aiki. Da hannu ake ɗinkawa, da zaren da aka zare daga jikin yadin. Kuma ba a ƙulla bakin zaren. Ana barinsa sake, domin in an sa mutum a kabari ana kwance duk wani ƙulli da ke jikinsa, na kai da na ƙafa, kada ya tafi a ɗaure da wani abin duniya.

"Karan na wurin masu gina kabari, ana biyo ni da shi," in ji Malami. "Bari in shiga kasuwa in sawo turare, in sanar da mutanenai."

Ya tafi. A bakin hanya motar Shagari ta fara hon, ita kaɗai ce kafin azahar, saboda man fetur ma ya zama abin nema. Mode ya dubi yadin. Ɗinkin hannu zai ci sa'a biyu, ga jiran kara. Ya ce a ransa, wa ya san tsawon Arzika kamar ni? Riga nawa na yi masa? Ya shimfiɗa alawayyon ya yanka da ka. Ya ɗora a keke ya taka, shida, tsallake, shida, tsallake. Da ya kai ƙarshe hannunsa ya yi abin da ya saba yi sau dubu: ya ƙulla zaren, ya datse da haƙori. Ya ninke yadin, ɗinkin a ciki.

"Har ka gama?" in ji Malami da ya dawo.

"Hannu ya saba, Baba."

"To mu tahi, ana jiran mu."

"Yi gaba, ina nan biye da kai."

Malami na karya kwana, Mode ya haye motar Shagari.

An yi gasar a wata doguwar rumfar kwano a bayan tasha, bayan an sallame azahar. Rana ta take, kwanon yana ƙara don zafi. Mutum ashirin da huɗu, tabarma huɗu, 'yan kallo sun yi katanga. Sabon keken na kan tebur a tsakiya, baƙi mai zanen ruwan zinariya. Alhaji Tukur ya tsaya ya karanta doka: wanda ya tashi daga wurinsa ya fita, wanda ya taɓa rigar abokin wasa ya fita, don an san masu ɓoye karta a hannun riga.

Mode ya yi wasa irin wanda bai taɓa yi ba. Ya ajiye, ya ajiye, har wani ya ce tela ya zo kallo ne. Da aka ragu ya fara matsawa. Kafaɗar mahauci ta tashi, ya kauce masa. Wuyan direba ya jiƙe, ya bi shi ya kwashe. Duk lokacin da Arzika ya faɗo masa a rai sai ya dubi keken. Kafin inuwa ta karkata sosai, saura mutum biyu a tabarmar ƙarshe.

Sai a lokacin ya kalli ɗayan da kyau. Mutum ne mai jiki, cikin fararen kaya, ya ja rawani ya rufe har hanci. Ya zauna ya ba haske baya, gwiwoyinsa a ɗan tanƙwashe kamar wanda tufafi suka yi wa kaɗan. Tun da aka fara bai ce uffan ba, da yatsa yake tura tsinkensa. Mutanen Horo Birni sun ɗauka ɗan Dandin Mahe ne, na Dandin Mahe sun ɗauka na Horo Birni ne. Kowa a rumfar na tsiyayar gumi, shi ko ɗigo babu. Wani ƙamshi na tashi daga wajensa, na turare da ganyen magarya, can ƙarƙashinsu kuma wani abu kamar albasa.

Aka raba. Mutumin ya turo tsinke da yawa. Mode ya dubi ƙirjinsa, bai ga aljihu ba, amma ya ga yadin tsaye cak. Ya san wannan alama. Ya bi. Mutumin ya buɗe, hannunsa ya fi na Mode.

Aka sake rabawa. Ƙirji tsaye, Mode ya bi, aka cinye shi. Karo na uku ma haka. 'Yan kallo suka fara gunaguni, wani ya ce yau tela ya gamu da gamonsa.

Mode ya daina kallon karta. Ya kafa wa ƙirjin ido, ya karanta Fatiha a zuci daga farko har ƙarshe. Ya sake karantawa. Ya ƙara ta uku. Yadin bai tashi ba, bai sauka ba. Idonsa ya gangara gefen rigar, inda aka haɗa faɗin yadi biyu, ya bi layin ɗinkin. Shida, tsallake. Shida, tsallake. A ƙarshensa, daidai gwiwar mutumin, ga ƙulli, da ɗan wutsiyar zare da aka datse da haƙori.

Zafin rumfar ya fita daga jikinsa gaba ɗaya.

Mai rabo ya sake rabawa. Mode ya leƙa: sarakuna uku, da wasu biyu iri ɗaya. Tun farkon gasar bai riƙe irin wannan ba, kuma da wuya a samu abin da zai doke shi. Mutumin ya sa tafin hannu ya turo duk tsinkensa tsakiya. In Mode ya bi ya ci, keken ya zama nasa.

Sai murya ta fito daga bayan rawanin, ƙasa-ƙasa, yadda babu mai ji sai shi.

"Ɗan allura. An kwance na kai, an kwance na ƙahwa. Saura naka."

Muryar ta ci gaba.

"Kuma ka yi alkawari gaban jama'a."

"Tela, muna jiranka," in ji Alhaji Tukur. "Ka bi ko ka ajiye?"

Mode ya dubi keken a kan tebur, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya kife kartarsa a tabarma. Ya zaro 'yar rezar da ke maƙale a ninkin hularsa, ya miƙa jiki ya kama gefen farar rigar. Sanyinta kamar na randa. Ya datse ƙullin. Zaren ya zare da kansa, zarrr, tun daga gwiwa har kafaɗa.

"Numhwashinka ne, Arzika," ya ce. "In kana cika baki ba ka da komi, sai ka riƙe shi. Aljihunka shi tsaya."

Muryar ta sake fitowa daga bayan rawanin.

"Ɗan wanga abu? Shekara huɗu?"

Sai wani dogon numfashi ya fito, guda ɗaya, mai sanyi, har tsinken ashanar da ke tsakiya suka mirgina.

Rumfar ta kaure. Ya taɓa shi! Ya fita! Yaran Alhaji suka yo kan Mode suka janye shi baya, 'yan kallo suka rufta tabarmar, ana ta musu, daidai lokacin kuma ladan ya kira la'asar. Da ƙura ta lafa aka nemi mai fararen kaya a ba shi kekensa, wurin zamansa babu kowa. Ba wanda ya ga fitarsa. Kartarsa biyar na nan a kife. Mahaucin nan ya sa hannu ya buɗe su: tarkace ne, babu biyu da suka yi kama. Da Mode ya bi, da ya ci.

Ranar ce kaɗai Arzika ya taɓa sa Mode ajiyewa da hannun banza.

Alhaji Tukur ya ce tun da mai nasara bai tsaya ba, kaya sun koma hannun mai su. Aka mayar da keken kwali aka sa a bayan motarsa.

Da Mode ya koma Bodinga, rana na shirin faɗuwa, ya tarar da karan dawa jingine a ƙofar rumfarsa. An kawo shi bayan tafiyarsa. Ya ɗauka ya gwada da igiyar awo. Ya fi Arzikan da ya sani tsawo da yatsu huɗu. Sai ya tuna mahaifinsa ya taɓa gaya masa cewa mutum yakan miƙe in rai ya fita, shi ya sa ba a yanka wa mamaci da awon mai rai.

Washegari ya tafi Dingyadi gaisuwa, ya ja Malami gefe ya gaya masa komai. Dattijon ya saurara yana jan carbi, bai nuna mamaki ba.

"Na ga ɗunkin keke ne, amma lokaci ya ƙure," ya ce. "Sai da munka tanƙwasa mai gwiwa kaɗan. Ƙullin ne ban gani ba." Ya ɗago ya dubi Mode. "Ka kwance?"

"Na datse, Baba."

"To je ka yi mai addu'a. Kada ka ƙara."

Har yau akwai masu cewa wani gwanin karta ne daga ƙetaren iyaka, ya ga rigima ta tashi ya sulale. Akwai masu cewa zafin rana da nauyin zuciya ne suka taɓa Mode. Shi bai taɓa musu da kowa ba. Abin da aka sani shi ne bai sake zama a tabarmar karta ba. Kafin ƙarshen shekarar sojoji suka karɓi mulki, kafin damina ta zagayo kuma tsohon keken ya tsaya tsayawar da bai sake tashi ba. Mode ya koma ɗinkin hannu irin na mahaifinsa, faci da huluna da rigunan yara, Hasiya na tallafawa da ƙuli-ƙuli. Ba su yi arziki ba, ba su kwana da yunwa ba.

Fiye da shekara ashirin, daga Bodinga har Dingyadi, in aka yi rasuwa wurinsa ake kawo alawayyo. Ko ana ruwa, ko liman na jira, ba ya sa almakashi sai kara ya iso. Mutane sun kuma lura cewa in yana magana da kai ƙasa yake kallo, ko gefe, ba ya taɓa duban ƙirjin mutum.

A ciwonsa na ƙarshe, wata safiya, ya ce wa Hasiya ta ɗauko masa gwangwanin allurarsa. A ƙasan gwangwanin, cikin 'yar takarda, akwai guntun farin zare da ƙulli a jikinsa. Ya ce ranar nan datsewa ya yi, bai kwance ba, kuma shekara da shekaru yana gwadawa yatsunsa na ƙi. Hasiya ta zauna a bakin ƙofa inda haske yake, idonta ya riga ya raunana, ta sa bakin allura tana tsokana a hankali. Sai wajen azahar ƙullin ya saki. Ta miƙe zaren a tafin hannunta ta kai masa ya gani.